Kada Ki Matsar da Ƙofar Inna

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Gwaram lafiya, kin gaisa da Inna, kin sha ruwa, gajiyar hanya ta fara sakin ki. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya, ya haɗa ki da abokan aiki na gari da ɗalibai masu jin magana. Ummanku na gaishe ki. Ita ce ma ta cusa takardar a jakarki, ƙarƙashin ƙullin yajin da ta daka wa Inna, don ta san can za ki fara kai hannu.

Kin san ni da waya, ina fara magana sai in hau ɗaga murya kamar mai kiran fasinja, ke kuma ki yi ta cewa "to Baba, to Baba" har mu rabu ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba labarin gida zan ba ki ba, babu abin da ya faru da ba ki sani ba.

Maganar zanen nan ce da kika nuna mini ranar Juma'a, na gyaran sashen kakarki. Na yaba a lokacin, kuma har yanzu ina yabawa, layinki ya fi nawa miƙewa nesa ba kusa ba. Kin rushe tsohon ɗakinta na ƙasa a takarda, kin sa ciki da falo, banɗaki a ciki, tayil a ƙasa, kin ɗaga ginin saboda ruwa, kin juya ƙofar ta kalli wani gefe. Kika ce da zarar albashi ya fara shigowa can zai tafi. Daɗi ya rufe ni har na kasa faɗin abin da ke raina. To ga shi yanzu: kada ki rushe ɗakin nan, kada ki matsar da ƙofar.

Idon Inna ya kusa ƙarewa. Ba ta so a sani, ni da Ummanku kaɗai muka sani sai likitan da muka kai ta wajensa bara. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. Duk kai-kawon nan da za ki ga tana yi, daga ɗaki zuwa randa, daga randa zuwa turken awaki, da ƙafa take gani da tafin hannu. Ranar da aka sauya mata gidan, ranar za ta makance da gaske.

Na san ki. Sunan uwata kika ci, kika haɗa har da taurin kanta, ba kya karɓar "kada" sai da dalili. Ba kuma zan yi miki maganar nan ta abin da babba ya hango ba, don ni ban hango komai ba, duk ramin da zan nuna miki sai da na faɗa cikinsa tukuna.

Ni na shafa miki wannan ciwo na zane, ba na musu. Lokacin da nake jan motar haya tsakanin nan da Kano, zaman jiran layi a tasha shi ne ya fi damuna. Wasu dara, wasu gardamar ƙwallo, wasu barci a inuwar mota. Ni kuwa sai in yagi kwalin sabulu in ɗauki biro in hau zana gidaje. Ba wanda ya koya mini. Wani fasinja ne ya taɓa buɗe babbar takardar gini a kujerar gaba, na yi ta satar kallo har na kusa hawa kan jakin mutane. Abin da ya burge ni shi ne yadda aka cire wa gida rufi ana kallon sa daga sama, kamar yadda shirwa ke kallon tsakar gida. 'Yan tasha suka laƙaba mini Injiniya. Da tsiya suka sa, ni kuma na karɓa da gaske. Da a kwali na tsaya da ba wanda na cuta, abin ya lalace ne ranar da na sami halin sayen siminti.

Gidan nan da kika tashi a ciki, a kansa na fara gwada hannuna. Da rani na yi zanen, da rani aka yi aikin. Tsakar gidanmu a da ƙasa ce, ruwa in ya sauka ta shanye rabi, rabi ya bi rariyar yamma ya fita lungu. A takarda sai na ga rariyar nan ta tsaya mini a hanya, don daidai nan nake son ɗakin yara ya zauna. Na goge ta, na mayar da ita arewa, na sa aka malale tsakar gida da siminti fes. Gefen arewa a takardata fari ne tas, babu komai. A ƙasa kuwa katangar maƙwabcinmu Malam Sale ce, ta jar ƙasa. Damina ta fari ta rufa mini asiri. Ta biyu, cikin marka, muna cin abincin rana muka ji rugugi, katangar ta kwanta a kan akurkin matarsa. Allah ya tsare, ba yaro a wajen.

Malam Sale ya yi sallama ya tsaya a zaure, wando naɗe har gwiwa, ya ce, "Injiniya, ruwanka ya iso, mun karɓa. Da saura ne mu shirya?"

Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tayar masa da katanga, na mayar da kaji, na sake fasa rariya a inda take tun asali, amma sai da shekara ta zagayo kafin matarsa ta sake aiko wa Ummanku da ƙosai. Saboda haka duk sanda kika zana gida, ki zana har da abin da ke bayan katanga, ki rubuta sunan mai shi a wajen. Kuma kada ki yarda da zanen da aka yi da rani. Ki jira a yi ruwa mai ƙarfi, ki ɗauki lema ki fita tsakar gida ki ga inda yake bi da kansa, ki bar masa hanyarsa.

Na biyu kicin ne. Na zana wa Ummanku irin na gidajen Kano da nake hangowa in na kai kaya, a cikin gini, da kanta ta siminti da wurin wanke-wanke da 'yar taga can sama. Ban nuna mata ba, wai ni mai ba da mamaki. Da aka gama na kira ta, na buɗe ƙofa, na ja gefe ina jiran guɗa. Ta leƙa, ta dubi sama, ta dubi ƙasa.

Ta ce, "Ma sha Allah. Baban Ummi, hayaƙin ta ina zai fita?"

Na ce, "Ai risho za ki koma."

Ta ce, "Tuwon gidan nan a risho? To na ji. In ina ciki, wa zai ga mai shigowa? Wa zai ga yaran nan in sun nufi rijiya?"

Na ce mata ita dai ba ta san ci gaba ba. Ta ce haka ne. Kin san sauran labarin, don ke aka fi aike ki ɗebo albasa a ɗakin nan, kuma kaji nawa suka yi kwanci a ƙarƙashin kantar ban sani ba. Har yau a rumfa take girki, a murhunta, inda take ganin ƙofa da rijiya, take kuma jin hirar maƙwabta ta kan katanga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai zauna a wuri, a nuna masa zanen tun yana fensir, lokacin da gogewa ba ta cin komai. Kuma in za ki yi wa mutum kyautar ba-zata, ki yi da turmin atamfa, kada ki yi da gini.

Na uku ma ina jin kunyar rubuta shi, amma ya shafi zanenki. Da na zo sake banɗakin tsakar gida, kwalin da nake zane a kai bai ishe ni ta tsaye ba, sai na juya shi ta kwance, na ci gaba da aiki ban lura gabas ta bi ni ta juya ba. Magini ya bi abin da na ba shi. Ana nan sai ga Kawu Habu ya zo daga Sundimina, ƙanin kakarki ne, ba ki san shi sosai ba. Ya karɓi buta ya shiga, sai ga shi ya fito nan take da butarsa a cike.

Ya ce, "Ɗan nan, wa ya auna muku wannan?"

Na dafa ƙirji na ce ni ne.

Ya ce, "To ka iya awo. Ko masallacin Juma'a bai fi shi daidaita alƙibla ba."

Washegari aka kawo guduma. Ummanku ta ce ita tun ranar farko ta gani, ta yi shiru ne tana jira ta ga yaushe Injiniya zai farga. Tun daga nan, kafin in ja layi ko ɗaya sai na sa alamar gabas a kusurwar takarda. Da ita za ki san inda banɗaki zai kalla, da inda mai salla zai tsaya ba a gifta shi ba, da inda inuwa za ta faɗa da la'asar, wadda ita ce falon tsofaffi na gaskiya. Na duba naki zanen da kyau, babu gabas a ciki.

Waɗannan uku duk abin dariya ne yanzu, guduma da siminti sun gyara biyu, kicin kuma ya zama ɗakin albasa. Na huɗun bai gyaru ba, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Ke kin san Baba, kakanki, a zaune. In aka ce ki tuna shi, tsoho za ki tuna a kan buzu a ƙuryar ɗaki da carbi, ana kai masa buta ana ɗaukowa. Ba haka yake ba. Idonsa ya tafi tun kafin a haife ki, amma ba wanda ke jan sa. Daga turakarsa zai fito, hannun hagu a jikin bango, ya ratsa zaure, ya sauka lungu, ya tafi masallaci, kowace salla. Bangon na ƙasa ne, inda yake dafawa har ya yi duhu ya yi sulɓi saboda hannunsa. Akwai wani ɗan tudu da magini ya bari a jikin yaɓen, in ya taɓa shi ya san ya kai dokin ƙofa, sai ya ɗaga ƙafa. Da hantsi yana zaure yana tufkar igiya, masu wucewa na tsayawa a gaisa. Har daga Kwandiko ake zuwa tambayar sa iyakar gona, don ya san wace kuka ce ta raba wane da wane.

Shekarar da na sayi mota ta kaina, sai na fara jin kunyar a ce uban mai mota yana kwana a ɗakin ƙasa. Gaskiyar ke nan, da tausayinsa a ciki, amma kunyar kaina ta fi yawa. Na zauna na zana masa sabuwar turaka da sabon zaure, zanen da ya fi duk wanda na taɓa yi kyau. Na sa gabas, na duba hanyar ruwa. Kuma na tambaye shi, kada ki ce ban ɗauki darasin kicin ba.

Na ce, "Baba, ina so in gyara maka ɗaki."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Yadda ka gani."

Na ɗauko shi na kawo shi nan Birnin Kudu da sunan ya huta a duba lafiyarsa, na tura magina Gwaram. Da aka gama na mayar da shi. Ya shafa bangon filasta ya ce, "Kai, santsi kamar tasa." Ya yi ta sa mini albarka har idona ya kawo ruwa, na koma bakin aikina ina jin na sauke nauyin da ke kaina.

Na matsar da ƙofar turakar don ta yi daidai da ta zaure, layin ya miƙe. Na ɗaga daɓen saboda damina, aka yi matattakala. Bango kuwa ko'ina iri ɗaya, ba tudu ba kwari. Bai daɗe da komawa ba ya zame a matattakalar, ya yi targaɗe, goshinsa ya fashe. Wannan ya warke. Da ya warke ya sake gwadawa. Inna ta ce wata rana ana kiran azahar ta fito daga madafa ta same shi tsaye a gindin rumbu, hannu a miƙe, yana juyawa yana laluben bango, a tsakar gidan da aka haife shi. Da ya ji motsinta sai ya sauke hannun ya ce, "Kai ni ɗaki."

Daga ranar bai ƙara fita shi kaɗai ba, kuma mutum ne da ya tsani a ja shi. Ya koma sai Juma'a ake kai shi masallaci, daga baya ita ma ya ce a bar shi. Zauren ya zama wurin ajiye babur. Masu zuwa tambaya suka ga ba ya fitowa, suka ɗauke ƙafa. Na ce zan fasa matattakalar, zan ɗaura masa igiya a jikin bango ya riƙa bi. Ya ce, "A'a, ka kashe dukiyarka, kada ka ɓata. Tsufa ne." Har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mini magana ɗaya mai ɗaci a kan ginin nan ba. Ni ma na riƙe maganar tsufan, don ta yi mini daɗin riƙewa. Ranar da na maimaita ta a gaban Inna, tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ba tsufa ba ne. Gidansa ya nema bai samu ba."

Abin nan yana damuna har yau, Ummi, kuma ba na jin zai daina.

Abin da nake so ki gane, tambaya tana yi wa miji da mata amfani, don Ummanku ba ta jin nauyin ce mini ban iya ba. Iyaye ba haka suke ba. In kika nuna wa Inna zanenki za ta karɓi takardar, wataƙila ma a juye, ta kai ta kusa da fuska ta ce, "Takwara, ya yi kyau, Allah ya ba ki masu yi miki." Ba za ta ce a'a ba. Jikarta ta ɗauki guminta na fari za ta yi mata gata, ko da ta san abin da zai biyo baya, kuma ta fi kowa sani, za ta sa albarka ta yi shiru. Don haka kada ki ɗauki amsar bakinta. Ki zauna a tsakar gida ki kalli ƙafarta. Ki ga inda take dafawa in ta fito, da wace kafaɗa take gogar ginshiƙin rumfa, da yadda take gane randa in ƙafarta ta taɓa dutsen da ke gabanta.

Ban ce kada ki yi mata komai ba. Ɗakin yana yoyo ta kusurwar arewa, ki sa a duba azarar, in ta ci a sauya, in ma kwano za a ɗora a sama a ɗora. A yaɓe bayan ɗakin kafin ruwa ya sauka, amma a ciki da bakin ƙofa, duk inda kika ga bango ya yi duhun hannu, a bar shi yadda yake. Kada a yi mata tayil, santsi ne da shi. Randa ta zauna inda take, turmi ma haka, igiyar shanya ma haka. In kin ɗauki kujera ki mayar da ita inda kika ɗauka, in kin ajiye bokiti a hanya ki ɗauke kafin ki juya baya. In kuma hannunki yana ƙaiƙayin gini, na san wannan ƙaiƙayin, akwai fili can ƙarshen gidan inda tsohon rumbu yake, ba hanyarta ba ce. Ki zana wa kanki ɗaki a can, ki sa tayil har a silin in kin ga dama.

Maganin idon yana cikin kwallar da ke kan gadonta. Takan manta da shi da gangan. Ki san dabarar da za ki yi ki riƙa ɗiga mata safe da yamma ba tare da kin nuna na gaya miki komai ba, ki ce kin gan shi ne kina shara. In ta gane daga wajena maganar ta fito, ni da ke duka ba za mu sha da daɗi ba.

Zane kuwa kada ki bari. Ya ɗebe mini kewa shekara da shekaru, ya hana ni zaman gulma, kuma ke kin fi ni hannu. Roƙo ɗaya nake da shi. Kafin ki zana abin da gidan zai zama, ki zana shi yadda yake yanzu, da karkatacciyar katangarsa da komai, ki ja layi da jan biro ki nuna hanyar da Inna ke bi tun daga safe har ta kwanta, ki aiko mini. Na zana gidaje ba iyaka waɗanda ba a taɓa ginawa ba, suna nan cike da akwati, amma turakar Baba ta da ban zana ta ba kafin in rushe. Na sha ɗaukar fensir in gwada, sai in kasa tuna ko tagar tana dama ko tana hagu. Inna kaɗai ta sani, ni kuma ba ni da idon da zan tambaye ta.

Allah ya tsare mini ke, ya tsare mutuncinki a garin da ba ki saba ba, ya sa albarka a aikinki da abin da za ki samu. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Ita kuma Inna, Allah ya bar ta tana fita da ƙafarta ta dawo da ƙafarta a cikin gidanta har iyakar kwananta, ya sa ke ce za ki tsare mata hakan.

Ki gaishe ta, ki ce ina nan tafe in an kwana biyu.

Wassalam,
Babanki.